Tarihin Azawak Bai Kamata Ya Tsaya a Yamai da Faransa Ba

Makiyayin da ke kora raƙumansa arewa da Cintabaraden yakan taka tsingaro, da dutsen niƙa, da ɗan gatarin dutse wanda mutanen karkara ke kira gatarin aradu. Yawanci sai ya shure su ya wuce, alhali kuwa kayan aikin wani ne da ya zauna wurin shekaru dubbai da suka gabata.

A wancan zamani, tsakanin shekaru 10,000 zuwa 5,000 baya, kwarin Azawak da ke arewa da Adar ba busasshen fage ba ne. Kogi ne mai gudu, ga tabkuna, ga ciyawa iya ganinka. Tun a shekarun 1930 aka tsinci masun kamun kifi na ƙashi a Tamaya Mellet da Taferjit, tare da ƙasusuwan kifi da kada da dorina. Dorina fa, a inda yau ake rububin ruwan rijiya! Daga baya masu bincike François Paris da Edmond Bernus da Patrice Cressier da abokan aikinsu suka bi kwarin, suka duba kaburbura da kufai, har da kufan In Teduq, tsohon mazaunin malaman Abzinawa. Littafin da suka fitar a 1999 da Faransanci yake.

Nan gizo ke saƙa. Ɗan makaranta a Tawa ko Abalak zai iya kawo labarin dalar Masar tiryan-tiryan, amma da wuya ya taɓa jin sunan Tamaya Mellet. Tsohuwar makabartar Gobero ta can Tenere ta yi suna a duniya saboda Ba'amurke Paul Sereno ya kai mata kyamara da manyan mujallu, ita kuwa Azawak shiru.

Jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan Djibo Hamani, masanin da ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Turawa. Ita ta fi cancanta ta jawo wannan aiki gida, ta haɗa hannu da cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai, a fassara abin da aka gano zuwa Hausa da Tamajak, a watsa ta gidajen rediyon karkara.

Za a ce tsaro ya taɓarɓare wajen Tiliya da Tasara, kuma mai neman na tuwo ina ruwansa da tsingaro. Gaskiya ne haƙa ba za ta yiwu yanzu ba. Sai dai fassara da koyarwa ba sa buƙatar rakiyar soja. Kuma an ga yadda aka yi wa Bura a yankin Tilaberi: ana jin gumakan da Boubé Gado ya tono a 1983 suna da daraja a Turai, sai masu wawura suka auka wa wuraren da diga. Dokar 1997 ta kare kayan tarihi tana nan a takarda, amma a dajin Azawak hakimai da makiyaya ne kaɗai ke ganin mai shiga da mai fita, don haka da su ya kamata a fara zama.