A Bar Inji Yadda Kamfani Ya Ƙera Shi

'Yan'uwanmu direbobin J5 masu kawo dankalin Turawa daga Jos zuwa kasuwar Mile 12 a Ikko sun san Hawan Kibo. A nan ne, wajen komawa gida, asirin injin da ya gaji yake tonuwa. Jos tana bisa tudu, kimanin mita 1,200 daga teku. Iskar can ba ta da kauri, shi ya sa motar da ke zabura a Ikko takan yi sanyi.

To, in an sauke inji a Farin Gada, wani makanike kan ce a sa karanshaf mai dogon zagaye, don fistin ya ƙara nisan tafiya. Lalle ƙarfin ja yana ƙaruwa. Amma shan mai da zafi su ma suna ƙaruwa, ga shi an janye tallafin fetur tun 2023. In kuwa ya lalace a Lokoja da tsakar dare, ina za a sami kayansa?

Mai neman abincin iyali da mota, ya tsaya kan awon kamfani: sabon fistin, sabon ring, waɗanda ake samu a kowace kasuwar kayan mota. Kwaɗayi mabuɗin wahala.