Yaudarar "Kwana Biyu a Wata"

Da jumla guda ake zawarcin matasa zuwa rundunar ko-ta-kwana ta sojojin ruwan Amurka: Asabar da Lahadi sau ɗaya a wata, sai mako biyu a shekara. Mai sauraro yakan ɗauka an ba shi zaɓi ne tsakanin kaya mai nauyi da mara nauyi, wato ko ya zama ma'aikacin rundunar na dindindin, ko ya riƙa leƙowa yana ci gaba da sana'arsa. Ina ganin wannan jumla yaudara ce, kuma masu maimaita ta sun san haka.

Rundunar da aka kafa a 1915 tana da hanyoyin nan biyu. Na dindindin, wanda aikinsa horar da sauran dakarun da tafiyar da harkokinsu, yana karɓar albashi da alawus daidai da kowane cikakken soja. Ba ya biyan kuɗin inshorar lafiya duk wata, kuma idan ya cika shekara 20 fanshonsa na farawa nan take. Abin da ya sayar a fili yake: 'yancin zaɓen garin da zai zauna.

Mai leƙowa fa? Shi ke biyan kuɗin inshorarsa ta soja kowane wata. Sai ya tara maki 50 kafin a ƙirga masa shekara cikin shekarun ritaya, kuma ko ya cika 20 ɗin, galibi sai ya kai shekara 60 da haihuwa zai ga fansho. Duk wannan da sauƙi, domin a rubuce yake. Abin da ba a ɗaga murya wajen faɗarsa shi ne takardar kira. Bayan hare-haren 2001 an kwashi dubban sojojin ruwa na ko-ta-kwana zuwa Iraƙi da Afganistan, ana cike gurabe da su ɗaya-ɗaya a cikin dakarun ƙasa. Mutumin da ya sa hannu da tunanin teku sai ga shi cikin ƙura watanni bakwai ko fiye, tare da mutanen da bai taɓa atisaye da su ba. A 2020 ma an kira ma'aikatan lafiyarsu zuwa New York lokacin korona.

Za a ce ai akwai dokar 1994 da ta tilasta wa mai kamfani ya mayar da sojan kan aikinsa. Gaskiya ne, kuma doka ce mai kyau. Sai dai kujera take tsarewa. Wace doka ce za ta dawo wa mai shago da abokan cinikin da suka koma wajen maƙwabcinsa, ko ta hana shugaban ofis jin nauyin ɗora babban aiki a kan wanda gobe ana iya kiransa? Taura biyu ake ba shi ya tauna, ana ce masa rabin ɗaya ce.

Ban ce kowa ya guji leƙowa ba. Likita ko injiniyan da sana'arsa ta kafu, iyalinsa kuma suka amince, zai iya ɗauka ido buɗe. Ɗan shekara 22 da bai riƙe komai ba tukuna, wanda albashi da inshora yake nema, na dindindin ya fi masa gaskiya. Kafin ya sa hannu a ɗayar takardar, ya tambayi jami'in ɗaukar sojan sau nawa aka kira masu irin aikin da zai yi cikin shekara biyar da suka wuce, kuma wata nawa suka yi ba su gida.