Kiyasin samun gidaje: a daina ɓoye tazarar kuskure

Gab da ƙarshen kowace shekara Hukumar Ƙidaya ta Amurka kan fitar da kiyasin kuɗin shigar gidaje na gundumomin ƙasar sama da 3,100, kwatankwacin ƙananan hukumomi a Najeriya. Kusa da kowane adadi akwai wani ɗan ƙaramin adadi da ke nuna iya nisan da kiyasin zai iya yi da gaskiya, sama ko ƙasa. Sau da yawa jaridu kan ɗauki na farkon su yi kanun labari, su watsar da na biyun. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce, domin na biyun ne ke nuna ko na farkon abin dogaro ne.

Abin da ake kiyastawa shi ne samun gidan da ke tsakiya. A jera gidajen gunduma daga mai ƙaramin ƙarfi har zuwa mafi wadata, a tsaya kan wanda ya faɗo tsakiyar layi: rabin gidajen sun fi shi samu, rabi ba su kai shi ba. Da za a tara kuɗin kowa a raba daidai, hamshaƙin attajiri ɗaya ya isa ya sa gari ya zama kamar na masu hali. Gidan tsakiya kuwa ko gezau. A Amurka baki ɗaya, adadin ya kai dala 80,610 a 2023.

To amma ba kowane gida ake tambaya ba. Tun 2005 hukumar ke gudanar da binciken al'umma da ake kira ACS, wanda yanzu ke tuntuɓar gidaje kimanin miliyan uku da rabi a shekara. Aikin ya yi kama da na ɗan kasuwar Dawanau da ke zura hannu cikin buhun gero ya damƙo kaɗan ya duba: damƙa guda ba ta kai goma tabbaci ba. Gundumar Los Angeles a jihar Kalifoniya tana da mutane kusan miliyan goma, don haka gidajen da ke amsa tambaya suna da yawa, tazarar kuskure kuma 'yar kaɗan ce. Gundumar Loving a Teksas kuwa mutum 64 aka ƙirga a cikinta a 2020. A irin wannan wuri, gida biyu ko uku da suka ƙi cika takarda sun isa su karkatar da sakamako.

Shi ya sa hukumar ba ta fitar da alƙaluman shekara guda na wannan bincike sai ga wuraren da suka kai mutum 65,000. Na ƙananan wurare sai an haɗa amsoshin shekara biyar. Wani shirin mai suna SAIPE kuma yana ƙara da bayanan haraji da na masu karɓar tallafin abinci don gyara kiyasin. Duk da haka ana bayyana tazarar, a kan tabbacin kashi 90 cikin ɗari.

A ce an kiyasta wa wata gunduma dala 52,000 da tazarar 6,000, maƙwabciyarta kuma 55,000 da tazarar 5,000. Ta farkon tana iya kaiwa 58,000, ta biyun tana iya sauka 50,000. Duk ɗan siyasar da ya hau mumbari ya ce tasa ta fi arziki, ya faɗi abin da alƙaluman ba su faɗa ba. Kuma maganar ba ta tsaya a cacar baki ba: da kiyasin SAIPE na yaran gidajen talakawa ake raba biliyoyin daloli na tallafin tarayya ga makarantu. Hukumar ta san nauyin da ke kanta. Da annobar korona ta hana tattara isassun amsoshi a 2020, ƙin fitar da alƙaluman shekara guda na ACS ta yi a matsayin na hukuma.

Najeriya ma tana da abin lura a nan. Binciken yanayin rayuwa na 2018 zuwa 2019 da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi ya nuna kashi 40.1 cikin ɗari na jama'a na cikin talauci. Ya dogara ne da gidaje kusan 22,000, kuma ba a sa Borno a lissafin ba saboda matsalar tsaro. A raba gidajen nan ga ƙananan hukumomi 774, kowace ba za ta samu talatin ba. Ga shi rabon ƙasar da ƙidayar jama'a tun 2006.

Don haka idan aka ce ƙaramar hukuma kaza ce ta fi kowace talauci a jiha, haƙƙin edita ne ya tambayi gida nawa aka shiga, a wane wata, kafin girbi ko bayansa, kuma nawa ce tazarar kuskure. Majalisun jihohi su ma su riƙa neman waɗannan amsoshi a rubuce kafin su amince da rabon tallafi bisa irin wannan jadawali.