A Duniya: an yi wa wuƙa kwalliya

Jama'a, mu daina yaudarar kanmu kan shirin A Duniya na Tijjani Asase. Hoto ya fita, 'yan wasa sun iya, ban musa ba. Amma fa daba aka yi wa kwalliya: tafiyar isa, kirari, wuƙa na sheƙi. Yaron Ɗorayi ko Mandawari ba wa'azin ƙarshen fim yake ɗauka ba, salon yake kwaikwaya. Tun 2021 Afakallah ya hana fina-finan ƙwacen waya, amma wa zai tace wayar hannun ɗanka? In faɗakarwa ake da gaske, a nuna uwar da ke jiran gawar ɗanta a Asibitin Murtala. Wallahi mu a Gwale, daba ba fim ba ce.