Tarayyar Kamaru da Yadda Aka Warware Ta

Masu bin tarihin maƙwabtanmu sun saba cewa Tarayyar Kamaru ta ƙare ne ran 20 ga Mayu 1972, ranar da Shugaba Ahmadu Ahidjo ya kira jama'a ƙuri'ar raba-gardama aka mai da ƙasar dunƙulalliya. Amma a nawa ra'ayi, duk wanda ya yi nazarin yadda aka yanka ƙasar tun farko, zai tarar ajalinta a cikin tsarinta aka rubuta shi.

Asalin al'amarin kuwa, a watan Fabrairu 1961 aka tambayi mutanen yankin Kamaru da Ingila ke riƙon amanarsa inda suke son nufa, sai na arewa suka zaɓi Nijeriya, aka sa wa ƙasarsu suna Lardin Sardauna, na kudu kuma suka zaɓi 'yan'uwansu da Faransa ta mulka. Bayan shawarar da aka yi a Fumban, ran 1 ga Oktoba aka ɗaura tarayya mai jiha biyu, ta Gabas a Yawunde, ta Yamma a Buea, kowace da Firimiyanta da majalisarta, John Ngu Foncha kuma ya zama mataimakin shugaban ƙasa.

To, sai dai ba a daɗe ba Ahidjo ya sake raba ƙasar yankuna shida na gudanarwa, ya ɗora wa kowanne sufeton tarayya wanda ba ya jin umurnin kowa sai nasa, alhali kuwa ɗaya daga cikin yankunan nan shida ita ce jihar Yamma ɗungurungum. Ga Firimiya zaune a Buea, ga kuma sufeto a gefensa riƙe da sha'anin tsaro, tamkar a ba mutum ɗaki a hana shi mabuɗi. Daɗin daɗawa, manyan hanyoyin samun kuɗin shiga duk suna hannun tarayya, jihar Yamma ta dogara ne galibi kan tallafin da Yawunde ta ga damar aikowa wajen biyan ma'aikatanta. Da aka narkar da jam'iyyu suka zama ɗaya a 1966, ba sauran mai ikon musu.

Masu kare Ahidjo kan warware tarayyar suna kafa hujja da tsadar riƙe gwamnati uku a ƙasa matalauciya, hujjar kuwa ba ta rasa nauyi ba. Amma tsarin mulkin 1961 ya haramta duk gyaran da zai taɓa tarayyar kanta, kuma mutanen Yamma, da yake su ne marasa rinjaye, ba a ƙidaya ƙuri'arsu ta 1972 a matsayin ta jiha mai alkawari a hannu ba, sai aka zuba ta cikin ta sauran ƙasa. Daga nan aka tsaga jihar Yamma lardi biyu, ɗaya a Bamenda, ɗaya a Buea, kuma a nan ne fitinar da ta tashi a 2016 ta sami gindin zama.