SHARHI: Wa ke zana hanyar da sabon layin lantarki zai bi ta gonakin Arewa?

Tun daga watan Oktoban 2024, lokacin da mafi yawan jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu, bakin jama'a ya zo ɗaya a kan cewa yankin na buƙatar ƙarin manyan layukan dakon wuta. An lalata layin Shiroro zuwa Mando, rashin tsaro ya hana injiniyoyin kamfanin TCN shiga daji su gyara, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir da aka jingina da shi ya sami matsala. Sai dai a duk kiraye-kirayen da suka biyo baya, da wuya ka ji an tambayi ta ina sabbin layukan za su bi, ko kuma wa zai yanke wannan hukunci.

Yadda aka saba, kamfanin ƙwararru ne ake bai wa kwangilar zana hanya. Su kan duba hotunan tauraron ɗan Adam, su fitar da hanyoyi biyu ko uku, su auna tsawon kowace da yawan kwanar da ke cikinta, domin turken da ke kan kwana ya fi na miƙaƙƙiyar hanya cin ƙarfe da kuɗi. Su kan kuma kauce wa garuruwa don rage diyya. Manomi kuwa ba ya sanin ana yi sai ranar da ya ga 'yan safiyo suna kafa alama a tsakiyar gonarsa, alhali a lokacin an riga an gama magana.

Filin da ake magana a kai ba ɗan kaɗan ba ne. Ƙa'idar Najeriya ta ware faɗin mita 50 ga layi mai ƙarfin kilobolt 330, mita 30 kuma ga mai 132. Ke nan kowace kilomita ɗaya ta babban layi tana cin hekta biyar. A ɗauki misalin layin haɗin gwiwa na Afirka ta Yamma mai tsawon kimanin kilomita 875, wanda ya tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu, da reshe zuwa Malanville a Benin. Kimanin kilomita 62 ne kawai rabon Najeriya a cikinsa, amma ko wannan ya haura hekta 300. A cikin wannan zirin ba a gini, kuma ana sare duk wani dogon itace. Galibi ana barin mutum ya ci gaba da shuka gero ko wake, amma ɗorawa da kaɗanya da kuka da mangwaro sun tafi ke nan.

A nan dokar mallakar ƙasa ta 1978 ke nuna halinta. Ta bai wa gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da ta tanada kuma ta abin da ke kan filin ce, wato gini da shuka da itatuwa, ba ta ƙasar kanta ba. Farashin da gwamnatin tarayya ke biya na amfanin gona da itatuwa ma, rabonsa da gyara tun 2008, sai a 2024 aka sake duba shi. Ko da an biya yadda ya kamata, sunan mai gona ne ke shiga rajista. Matar da ke tsince kaɗe da kalwa a ƙarƙashin itacen kowace shekara ba ta ciki, haka wanda ke noma gonar bisa aro ko jingina. Inda Bankin Duniya ya sa kuɗinsa, ƙa'idojinsa sun tilasta a biya kuɗin da zai maye gurbin asarar, har ga wanda ba shi da takardar mallaka. Abin takaici ne a ce haƙƙin manomin Kebbi ya dogara ga wanda ya bayar da bashin aikin.

Za a ce ai doka ta tanadi jin ra'ayin jama'a. Gaskiya ne, dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 tana nan, kuma ana ajiye rahoton nazarin na tsawon kwanakin aiki 21 don kowa ya duba. Amma rahoton kundi ne mai kauri cikin Turancin injiniyoyi, a ofishin ma'aikata ko sakatariyar ƙaramar hukuma. Dagatai nawa ne suka taɓa buɗe shi?

Akwai kuma abin da ya fi ci wa mutanen karkara rai. Ba a jan wuta kai tsaye daga layin kilobolt 330 zuwa gida. Sai an sauko da ƙarfinta mataki-mataki ta tashoshi da tiransifoma, matakin ƙarshe kuma aikin kamfanonin rarraba wuta ne, waɗanda ba sa ganin riba a ƙauye. Sai ka tarar waya tana ƙugi a saman rufin mutane, su kuma suna kai waya caji wurin mai janareta. Masu tsara layin Birnin Kebbi zuwa Yamai sun gane haka, shi ya sa suka haɗa da shirin kai wuta ƙauyukan da ke kusa da shi. Kamata ya yi wannan ya zama sharaɗin kowane sabon layi, a rubuce cikin kasafin aikin tun farko.

Lissafin kauce wa garuruwa shi ma yana bukatar sabon nazari. Hanyar da ta ratsa ƙungurmin daji ita ce mafi araha a takarda, kuma ita ce wadda mai gyara ba zai taka ba sai da rakiyar soja. Shiroro ta nuna haka. Maiduguri ta riga ta nuna shi tun 2021, lokacin da aka fasa turakun layin Damaturu, aka gyara, aka sake fasa su cikin 'yan kwanaki. Layin da ya bi gefen babban titi da kusa da garuruwa zai ci diyya mai yawa, amma akwai ido a kansa, matuƙar masu idon suna da rabo a wutar.

Gyaran tsarin mulki da dokar lantarki ta 2023 sun buɗe wa jihohi ƙofar shiga harkar, ikon filaye kuma dama a hannun gwamnoni yake. Babu abin da zai hana majalisar dokokin Kebbi ko Katsina ko Kano ta sa doka cewa kafin a kafa alama ko ɗaya, sai an liƙa taswirar duk hanyoyin da ake dubawa a fadar kowane hakimi, an karanta sunayen ƙauyukan a rediyo da Hausa da Fulatanci, an kuma bayyana farashin kowane itace kafin ranar ƙidaya.