Aljanin Hoda

Jama'a, duk sanda aka yi wa masu finafinan Hausa tsiya a kan finafinansu na ban tsoro, amsarsu ɗaya ce: babu kuɗi. Ni dai ban yarda ba. A bulbula wa yaro hoda a fuska, a yafa masa likkafani, ya yi ta ƙyaƙyata dariya yana ɓacewa yana bayyana, wai shi aljani. Ko yaran gida dariya suke yi.

Ga wani fim na Amurka, The Blair Witch Project, wanda ya fito a 1999. Labarin ɗalibai uku ne da suka shiga daji bin diddigin wata mayya, suka ɓata. Cikin kwana 8 aka ɗauke shi, a dajin jihar Maryland, a 1997, da 'yan dubban daloli, amma ya tara kusan dala miliyan 250.

Masu ba da umarnin, Daniel Myrick da Eduardo Sánchez, miƙa wa 'yan wasan kyamara suka yi, suka ɓuya. Kullum sai a ajiye wa kowa 'yar takarda a wani wuri, ɗan'uwansa bai san me aka rubuta masa ba. Abinci kuma ana rage masu shi a hankali, don yunwa ta sa su faɗa da juna da gaske. Cikin dare a lallaɓo a girgiza masu tanti, a kunna muryoyin yara daga cikin duhu.

Mayyar fa? Ba ta fito ba ko sau ɗaya. An ma sa wani ma'aikaci fararen kaya ya tsaya a gefe don a hango shi, mai kyamara yana gudu bai juya wajen ba. Allah Ya taimake su, da nasu aljanin hodar ke nan.

Mu mutanen Gobir ba sai an koya mana wannan ba. A tambayi wanda ya kwana a Kamarawa, ko wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni, cikin shekarun nan na 'yan bindiga. Bai ga kowa ba, ƙarar babur kawai ya jiyo daga nesa da tsakar dare, karnuka suka ɗau haushi, sannan suka yi tsit. Uwa ta toshe bakin jaririnta, ana jiran a ji ko ƙarar tana matsowa.